Wai me ya sa gidajen rediyo ke saka waƙa da wasan dariya da daddare alhali ana tsakiyar yaƙi?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah ina da tambaya, yau kwana uku kenan tana cina a rai. Ranar Asabar muka shiga ɗakin marigayi kakanmu zamu kwashe kaya saboda damina ta cinye rufin, can ƙasan wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin tsofaffin riguna sai ga wata tsohuwar rediyo, irin mai rigar fata ɗin nan da maratayi, wajen batir duk ya yi tsatsa, gilashin da allura ke tafiya a kai ya tsage ta gefe ɗaya amma har yanzu ana ganin lambobin mita. Na ɗauka na kai wa Hajiya kakarmu, wallahi tana ganinta sai ta yi shiru, ta karɓa ta ɗora a cinya tana gogewa da bakin mayafi ta daɗe bata ce komai ba.

Daga baya take bani labari wai lokacin yaƙin basasa wannan rediyon ita kaɗai ce a layinsu, kullum in an idar da isha'i sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida maza su zauna, su kuma mata suna daga soro ta ciki suna kasa kunne, a ji labarai, in an gama labarai kuma ba a tashi, sai a zauna jin waƙoƙi da gaishe gaishe har dare ya raba, wani lokacin ma har da dariya da tafi. Kuma fa a lokacin ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya yana bakin daga, wata biyar ba wasiƙa ba labari.

To nan ne abin ya ɗaure min kai. Ta yaya ana kashe mutane, naka yana can baka san ko yana raye ba, gidan rediyo zai saka kalangu kuma mutane su zauna su ji har su yi dariya? Ni a tunanina lokaci irin wannan sai labarai da karatun Alƙur'ani da addu'a. Shin rashin tausayi ne na masu gidan rediyo, ko gwamnati ce ke sa su don a mantar da jama'a, ko dai ko'ina a duniya haka ake yi? Masana tarihi da iyayenmu da suka ga zamanin ku taimaka min.

Malamin Tarihi Zariya:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan kaka ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abin da kake tunani a yi, wato a kashe nishaɗi a bar labarai zalla, an taɓa gwada shi kuma bai yi ba, bari in baka labarin Ingila a yaƙin duniya na biyu don shine na fi karantawa.

Ranar 1 ga Satumba 1939, kwana biyu kafin Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, BBC ta rufe talabijin ɗinta gaba ɗaya, bata dawo ba sai 1946. Tashoshin rediyon ma aka haɗe su suka zama guda ɗaya tak, saboda tsoron kar jiragen Jamus su riƙa bin siginar kowace tasha su gane gari. Aka rufe silima da gidajen wasa na ɗan lokaci, aka kafa dokar duhu, kowa ya toshe tagarsa da baƙin labule kar haske ya fita ko na ashana, titi ba fitila. To ka ga mutum yana kulle a ɗaki tun magariba ba inda zashi, abin da ya rage masa kawai akwatin rediyo, kuma a lokacin gidaje kusan miliyan 9 ke da lasisin rediyo a ƙasar. Me BBC ta basu? Sanarwar gwamnati, labarai, jawabin minista, sai faifai, sai wani mutum Sandy MacPherson da aka ajiye yana ta kaɗa organ, babban abin kiɗan nan irin na coci, safe da dare. Cikin sati biyu mutane suka ƙosa, jaridu suka yi ca, wasiƙun ƙorafi kamar ruwan sama.

Abin da ya fi tayar wa gwamnati hankali shine mutane sun fara murɗawa suna kamo Jamus. Akwai wani William Joyce da Turawan Ingila suka laƙaba wa Lord Haw-Haw, yana magana da Turanci daga tashar Hamburg da daddare, ana gama labaran ƙarfe 9 na BBC sai mutane su juya wajensa, yana zolayar shugabanninsu yana faɗin jiragen ruwan da aka nutsar. Binciken da BBC ta yi farkon 1940 ya nuna mutum kusan miliyan 6 na jinsa a kai a kai. Ba sonsa suke ba, gidansu ne babu abin ji. Nan aka gane in ka bar daren mutane fayau to maƙiyi ne zai cika musu shi.

A Janairun 1940 aka buɗe tasha ta biyu musamman don sojoji, kiɗa da waƙa da wasanni da barkwanci, sai gashi fararen hula sun fi sojojin ma saurarenta. Akwai wani shirin barkwanci ITMA na Tommy Handley, daren Alhamis ƙarfe takwas da rabi, miliyoyin mutane basa yarda ya wuce su. Me ake yi a ciki? Tsokanar ma'aikatun gwamnati da takardunsu marasa ƙarewa, tsokanar rabon abinci da kati, har da wani ɗan leƙen asirin Jamus na wasa mai suna Funf da ke bugo waya, wanda ke yin muryar cikin kofin gilashi yake magana don ta fito da amo. Kaga abin da ke hana mutum barci an mayar masa da shi abin dariya na rabin awa. Kuma masu wasan nan ba a cikin daɗi suke ba, an kwashe su daga Landan zuwa Bristol, bama bamai suka bi su can, aka sake kwashe su zuwa Bangor a yankin Wales a 1941.

Labarai kuwa suna nan da martabarsu. Ƙarfe 9 na dare agogon Big Ben zai buga, gida ya yi tsit, yaro ma ya san ba a magana. Daren 15 ga Oktoba 1940 Bruce Belfrage yana tsakiyar karanta labaran ƙarfe 9 bam ya tashi a cikin ginin BBC ɗin kansa, mutum bakwai suka mutu, masu saurare sun ji ƙarar a rediyo, mutumin nan ya ɗan dakata ya ci gaba da karatu ƙura na zubo masa a takarda. A shekarar ne ma masu karanta labarai suka fara faɗin sunayensu, don jama'a su haddace muryoyinsu ko da Jamusawa sun shigo sun ƙwace tasha.

Amma wanda ya fi kusa da tambayarka shine na mawaƙiya Vera Lynn. Ƙarshen 1941 aka bata shiri daren Lahadi bayan labarai, tana rera waƙoƙin kewa da begen gida, tana karanta saƙonnin iyali, har asibiti take zuwa wajen matan sojoji da suka haihu ta dawo ta faɗa wa mijin a rediyo cewa an sauka lafiya. Wasu manya a majalisa da cikin BBC suka ce wannan zai kashe wa soja zuciya ya sa shi kuka maimakon faɗa, musamman bayan Singafo ta faɗi hannun Japan a Fabrairun 1942, har aka dakatar da shirin aka kafa kwamitin tace waƙoƙi masu sanyaya jiki. Sojojin kuwa ita suke nema, wasiƙu ba iyaka. A 1944 ta tafi har Burma ta yi musu waƙa a daji, Burma ɗin nan dai da tsofaffinmu ke kira Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi, kakanninmu na cikinsu. Ni a ganina manyan nan sun yi kuskure, soja baya manta gida don an hana shi waƙar gida, ƙara masa ƙunci kawai aka yi.

Abu Hanifa Maraɗi:

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ka yi haƙuri ni ban yarda a wanke abin tas haka ba, yaron nan tambayarsa tana da tushe. Ɗan Fagge kace ko gwamnati ce ke sa su don a mantar da jama'a, eh ƙwarai akwai wannan, kuma wanda ya fi kowa iya shi Goebbels ne ministan farfagandar Hitila. Tun 1933 ya tara shugabannin rediyo ya gargaɗe su kar su kuskura su gundiri mutane, ya san in ka cika wa mutum kunne da jawabi zai kashe akwatin, amma in ka bashi kiɗa mai daɗi awa biyu to minti goman da zaka saka ƙaryarka a tsakiya zai haɗiye bai sani ba, kamar yadda ake tura wa yaro magani cikin zuma. Suka ƙera rediyo mai araha mark 76 a kuɗin Jamus, a 1938 suka fito da ƙarama mark 35 don talaka ma ya saya, har Jamusawa da kansu ke kiranta bakin Goebbels. Ranar da aka fara yaƙi aka yi doka duk wanda aka kama yana jin tashar waje gidan yari, wanda ya yaɗa abin da ya ji kuwa har kisa, daga baya har kati aka raba a rataya a jikin abin murɗawa yana tuna maka.

Suna da shirin zaɓen waƙa na sojoji duk ranar Lahadi daga Oktoban 1939 zuwa 1941, soja ya aiko daga bakin daga a saka wa matarsa waƙa, a karanta sunayen jariran da aka haifa wa sojoji, kowa na hawaye ana jin an zama dangi ɗaya. A daidai wannan lokacin me sojojin nan ke yi a Poland? Me ake yi wa Yahudawa, waɗanda tun 1939 aka ƙwace musu rediyon ma? Daren Kirsimetin 1942 suka yi shiri wai ana haɗa muryoyin sojoji kai tsaye daga ko'ina har da Stalingrad suna waƙa tare, alhali an riga an naɗa an harhaɗa tun kafin ranar, kuma sojojin da ke Stalingrad an yi musu zobe yunwa da sanyi na kashe su, farkon Fabrairun 1943 suka miƙa wuya. Uwa tana Jamus tana jin waƙa tana cewa ɗana lafiya lau. Wannan in ba zalunci ba mene ne?

Mu musulmi ma basu bar mu ba. Italiya ta fara da tashar Bari da Larabci tun 1934, shi ya sa BBC ta buɗe sashen Larabci a Janairun 1938, shine harshen waje na farko da ta fara. Jamus ta biyo a 1939 da wani ɗan Iraƙi Yunus Bahri mai murya kamar aradu, a fara da karatun Alƙur'ani, a saka waƙoƙin Larabawa da mutane ke so, mutane su cika gidajen shayi a Bagadaza da Alƙahira da daddare, sannan a zuba musu abin da ake son zubawa. Kaga har karatun da kake cewa a saka, ɗan'uwa, an yi tarko da shi.

Abu ɗaya ne ya ƙi musu daɗi, kuma shi nake yawan tunawa. Da suka ci Belgrade a 1941 suka buɗe tashar sojoji a can, faifai sun yi musu ƙaranci, cikin ƴan waɗanda suka samu akwai wata waƙa Lili Marleen da Lale Andersen ta rera a 1939 bata yi kasuwa ba, labarin soja ne da budurwarsa da ke jiransa ƙarƙashin fitila a ƙofar bariki. Suka saka, da suka daina sai wasiƙu suka yi ta zuwa a dawo da ita, aka mayar da ita kullum saura minti uku ƙarfe 10 na dare. Tashar tana da ƙarfi har hamadar Libiya da Masar ana kamawa, sai ya zama sojojin Janar Rommel na Jamus na ji, sojojin Ingila da ke ɗaya gefen suma sun murɗo suna ji, mutanen da suka wuni suna harbin juna. Goebbels ya tsani waƙar don babu jarumta a ciki, ya hana matar fitowa wasa a 1942, amma waƙar ta fi ƙarfinsa, su kuma Ingila da suka ga ba yadda zasu yi sai suka fassara ta da Turanci.

Baba Tsohon Ma'aikacin Reluwe:

Salamu alaikum yara. Jikata ce ta nuna min wannan zance a waya ta ce in sa baki, ita ke rubutawa ni ina faɗa. Ɗan Fagge ka gaida min Hajiya, abin da ta faɗa maka haka yake ba ƙari.

Ni shekarata goma sha uku aka fara yaƙi a watan Yulin 1967. Mahaifina Allah ya jiƙansa tela ne, shi ke da rediyo a unguwarmu, kuma aikina ne da rana in fito da batir in shanya a rana kan katanga wai ya ƙara ƙarfi, don batir tsada gare shi, ba a kunna rediyo haka kawai da rana sai dare. An ɗaura waya doguwa daga eriya zuwa reshen darbejiya. In an yi isha'i ni ke ɗauko ta da hannu biyu in ajiye kan turmi da aka kifa, a ajiye fitilar ƙwai a gefe, ba mai taɓa abin murɗawa sai Baba. Shi kansa yana bamu labari cewa da yana saurayi a Kano wajen 1944 ba irin wannan bace, lasifika ce Turawa suka kakkafa a bango wajen ƙofar fada da gidan waya da laburare, da waya ake jawo maganar, mutane su tsaya cirko cirko suna jin labarin yaƙin Hitila, baka da ikon canza tasha sai abin da aka baka.

Mu kuwa Kaduna ake fara kamawa. A ji labarai, an ci gari kaza an kama kaza. In an gama Baba sai ya murɗa a hankali yana kasa kunne cikin shuuu ɗin nan na gajeren zango har ya kamo Landan sashen Hausa, ya ce bari mu ji ta bakin wani. Akwai wani maƙwabcinmu malamin makaranta mai jin Turanci, shi kuma wani lokacin a rage murya ƙasa ƙasa ya nemo rediyon Biyafara, akwai wani mai magana a ciki Okokon Ndem, ko baka jin Turanci in yana magana sai tsigar jikinka ta tashi. An ci Inugu tun Oktoban 1967 amma tashar nan bata mutu ba, suna ta yawo da ita daga wuri zuwa wuri har ƙarshen yaƙi. Kaduna ta ce an kashe musu ɗari, su kuma su ce sun kashe mana dubu, dattawa su yi ta lissafi a tsakani.

Yanzu maganar waƙa. Yayana da nake bi ya shiga soja farkon 1968, ko gemu bai fara ba. Innarmu tun daga ranar ta daina cin abincin kirki. Lokacin labarai bata iya zama, sai ta shige madafa ta ce wai tana kankare tukunya, tsoro take kar ta ji sunan garin da yake. Amma da an ce yanzu ga zaɓi sonka, ko aka ji kalangun Shata ya tashi, sai ka ga ta fito ta tsuguna bakin soro da zani a ka. In aka karanta wasiƙar wani soja yana gaida iyayensa a Gusau ko Azare, ba ɗanta bane bata san shi ba, amma sai ta ce Alhamdulillahi wannan uwar tasa zata yi barci yau. Ta ce in har wasiƙa na fitowa daga can to akwai masu rai a can. Wannan rabin awar ce kaɗai nake ganin fuskar uwata ta saki a duk yini. Kai kace rashin tausayi, ni da na gani da idona tausayin kenan.

Amma maganar Abu Hanifa ma gaskiya ce ba zan ɓoye ba. Waƙoƙin zuga soja da muke bi muna tafi muna maci a layi da karan dawa a kafaɗa, basu taɓa gaya mana yara na mutuwa da yunwa a can ba. Akwai wani Inyamuri mai gyaran keke a bakin kasuwarmu da ɗansa sa'ana ne tare muke ƙwallo, sun tafi a 1966 lokacin tashin hankali, ban sake jin ɗuriyarsu ba. Sai da na girma na ga hotunan yaran nan masu kumburin ciki, na zauna na yi kuka ina tunanin ko yana cikinsu. Ranar 12 ga Janairun 1970 Effiong na ɓangaren Biyafara ya yi jawabin ajiye makamai a rediyo, daga baya Gowon ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, daren nan ba wanda ya yi barci a unguwarmu batir ya ƙare aka aro wani. Yayana ya dawo bayan wata huɗu da ƙafa ɗaya ta lalace, ya rayu har 2009. Shi ya faɗa min su ma a rami suna da ƴar ƙaramar rediyo ɗaya su wajen ashirin, in dare ya yi a lulluɓe ta da bargo a kamo Kaduna don kawai a ji ana Hausa ana kiɗa.

Ɗan Fagge:

Allahu akbar. Baba na gode Allah ya ƙara girma da lafiya, wallahi na karanta wa Hajiya naka tun daga farko har ƙarshe, da na zo wajen Inna da kankare tukunya sai ta ce in dakata, ta ce ita tsintar shinkafa take fakewa da shi. Nata ƙanin bai dawo ba, Allah ya jiƙansa. Malam da Abu Hanifa ku ma na gode sosai.

Ya Falmata:

Sannunku, Baba ina gaisuwa ranka ya daɗe. Ni ba tarihi na karanta ba kuma ba a haife ni ba lokacin basasa, amma na ga nawa a Maiduguri, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba.

2013 da aka saka dokar ta ɓaci a watan Mayu aka yanke layukan waya gaba ɗaya, wata da watanni ba kira ba saƙo, ga dokar hana fita, ga ba wuta. Mijina direba ne yana bin hanyar Damaturu zuwa Kano, in ya fita ba yadda zan san ya isa ko bai isa ba sai ranar da na ganshi a ƙofa. Yarana uku lokacin babbar shekararta tara. Wayar da ba layi sai ta koma rediyo, a soka iyafis ya zama eriya a buɗe sipika, mu kulle ƙofa mu kwanta a ƙasa kan katifa nesa da taga. Ƙarfe takwas da rabi in kunna ƴar rediyon mai batir in kamo BBC in ji abin da ya faru a garin da nake ciki, abin mamaki sai daga Landan zaka ji ƙarar da ka ji da la'asar a wace unguwa ce.

Amma labarai ni kaɗai nake ji, a kunne nake mannawa, don na lura ƙaramin in ya ji an ce an kashe mutum kaza sai ya yi fitsarin kwance. Su abin da nake kunna musu tashar gida ce, gaishe gaishe da waƙoƙi da wasan kwaikwayo, na Hausa da na Kanuri. In harbi ya fara daga nesa sai in ƙara murya kaɗan in ce ku ji ku ji me mutumin nan zai ce wa matarsa, su yi ta dariya ni kuma cikina na kaɗawa bakina na Hasbunallahu. In ya matso kusa kuma dole a kashe a yi tsit, to wannan shirun shine abin da ban son tunawa. Kuma ku tuna masu aikin gidan rediyon nan mutanen gari ne irinmu, a nan suke kwana a ofis saboda dokar hana fita, suma suna da yara a gida, amma mutum zai buɗe makirfo ya yi sallama da fara'a kamar ba komai. Ni dai kullum ina sa su a addu'a, don in na ji muryar nan na san gari bai faɗi ba.

Daga baya a 2015 aka fara rediyon Dandal Kura a gajeren zango da Kanuri da Hausa, wata gwaggona da ta gudo daga ƙauye ta zauna a wajenmu kusan shekara biyu bata yarda a taɓa mata rediyo in lokacinsu ya yi, ita dai a yi yarenta ta ji. Babbar ƴata yanzu tana jami'a aikin jarida take karanta, ta ce rediyo take so ba talabijin ba.

Ɗan Fagge don Allah kar ku yar da rediyon nan kuma kar ku sayar wa ƴan gwangwan. Ka kai wa tsofaffin masu gyara, ba yaran da ke gyaran waya ba, sau da yawa tsatsar wajen batir ce kawai, a kankare da sanfefa a canza waya ɗaya biyu sai kaji ta tashi. In ta tashi ka kai wa Hajiya ɗakinta bayan isha'i ka bari ita ta murɗa da hannunta.

Ɗan Fagge:

In sha Allah Yaya, akwai wani dattijo mai gyara a bakin kasuwa an kwatanta min shagonsa, gobe in na taso aiki zan kai masa. Hajiya ta ce a gaya masa kar ya cire rigar fatar, Alhaji da kansa ya kai dukawa suka ɗinka mata.